Modem ɗaya, layi ɗaya, gudu daban-daban: yadda direba ke rage saurin intanet

Me ya sa modem ɗaya, da layi ɗaya a cikinsa, a ɗaki ɗaya, zai riƙa gudu kamar iska a wannan kwamfuta, amma da an zare shi an soka a ta kusa da ita sai ya koma tafiyar hawainiya? Wani ma kwamfutarsa ɗaya ce, sai dai tana ɗauke da tsarin tafiyar da kwamfuta iri biyu, Windows da Linux. Idan ya tashe ta da wannan bidiyo ya tafi sumul, idan ya tashe ta da wancan shafi ɗaya sai ya ƙi buɗewa. Wani kuma jiya lafiya lau ya kwanta, cikin dare kwamfutar ta sabunta kanta, da safe ya tarar saurin ya ragu da rabi.

Amsar da ta fi saurin fitowa daga baki ita ce "netwok ne". Sau da yawa gaskiya ne. Amma idan layi bai canza ba, wuri bai canza ba, lokaci bai canza ba, kwamfuta kaɗai aka canza, to ɗora wa kamfanin sadarwa laifi barin jaki ne ana dukan taiki. Abin da ya bambanta yana cikin kwamfutar, kuma wurin farko da ya kamata a leƙa shi ne direba. Abin da ke damuna a lamarin shi ne yawan mutanen da ke jefar da modem mai lafiya su sayi sabo, ko su sauya layi, alhali gyaran bai wuce na minti goma ba.

Mene ne direba, kuma me ya haɗa shi da gudu?

Direba a nan ba matuƙin mota ba ne. Ƙaramar manhaja ce da ke tsaye tsakanin na'ura da tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, tana yi musu tafinta. Windows ko Linux ba su san yadda kowane modem ke magana ba. Direba ne ke karɓar saƙon kwamfuta ya miƙa wa modem ta hanyar da zai gane, ya kuma karɓo abin da modem ya kamo daga turken sadarwa ya miƙa wa kwamfuta.

Mutane da yawa suna ɗaukan cewa direba abu biyu ne kawai: ko yana aiki, ko ba ya yi. A nan ne rashin fahimtar take. Direba na iya yin aiki, intanet ya haɗu, fitilar modem ta kama, shafuka su buɗe, amma yana aikin ne ta wata tsohuwar hanya mai ƙunci. Tafintan da ke fassara kalma ɗaya-ɗaya da wanda ke fassara jimla sukutum duk saƙo suke isarwa, sai dai ba a lokaci ɗaya suke gamawa ba.

Harsunan da modem ke iya yi

Modem na USB guda ɗaya yakan iya magana da kwamfuta ta hanyoyi fiye da ɗaya, kuma direban da ya kama shi ne ke yanke wace za a bi. Wanda ya fahimci wannan ya gano bakin zaren.

Mafi tsufa ita ce PPP. An tsara ta ne tun zamanin da ake shiga intanet ta wayar tangaraho, kuma ƙa'idarta da aka fi sani ta fito ne a 1994. A wannan hanya kwamfuta tana ɗaukan modem tamkar na layin waya: ta aika masa umarnin da ke farawa da AT, ta "buga" lambar *99#, sannan bayanai su riƙa bi ta wata siririyar kafa ɗaya bayan ɗaya. Kowane ƙunshin bayani sai an naɗe shi da alamar farko da ta ƙarshe, sannan a bi shi baiti-baiti, wato ɗan guntun bayani bayan ɗan guntu, a duba ko akwai wanda ya yi kama da alamar, a sauya masa kama don kada a rikice. Kwamfuta tana yin wannan aikin, ɗan ƙaramin injin da ke cikin modem shi ma yana yi. A zamanin EDGE, wato intanet ɗin 2G, da sauri bai wuce kilobit 200 da ɗoriya ba, ko farkon 3G mai kilobit 384, ba wanda ya ji nauyin wannan. Ko da HSDPA, wato ingantacciyar 3G, ta zo da megabit 3.6 da 7.2, PPP na iya ɗauka. Amma da aka kai megabit 21 da 42, balle 4G mai 100 da 150, sai hanyar ta zama maƙura. Modem na iya kamo ruwa mai yawa daga turke, bututun da zai zuba wa kwamfuta ne ya yi ƙanƙanta. Kuma akwai wata illa: a modem mai kafa ɗaya tak ta umarni, da zarar PPP ta mamaye ta, ba a iya tambayarsa ƙarfin sigina har sai an katse.

Sai hanyoyin da ke sa modem ya fito a kwamfuta tamkar katin netwok, kamar an jona kebul. Daga ciki akwai ECM, da RNDIS wadda Microsoft ta ƙirƙira, wadda kuma wayoyin Android da yawa suka daɗe suna amfani da ita idan aka raba intanet ta kebul. Waɗannan sun fi PPP nesa ba kusa ba. Sai dai ECM tana tura ƙunshi ɗaya ne a kowace tafiya ta USB. NCM da ta biyo baya ta gyara wannan: tana tara ƙunshi da yawa a dami ɗaya ta aika gaba ɗaya. Ka kwatanta mai kwashe tubali dubu yana ɗaukan ɗaya-ɗaya a hannu da mai lodawa a baro. Nisan ɗaya ne, yawan zirga-zirgar ne ya bambanta, kuma kowace zirga-zirga tana cin lokacin injin kwamfuta.

Biyu na ƙarshe an yi su ne musamman don modem na wayar salula. QMI ta kamfanin Qualcomm ce, kuma modem masu ɗauke da injinsa ne ke jin ta. MBIM kuwa ƙa'ida ce ta bai-ɗaya da ƙungiyar da ke kula da USB ta fitar a 2011, an gina ta a kan NCM, ta raba hanyar umarni da hanyar bayanai. Daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, Microsoft ta saka direban MBIM a cikin tsarin, ba sai an ɗora na kamfanin da ya ƙera modem ba. Linux ta samu direban qmi_wwan a 2012, cdc_mbim kuma a 2013.

Saboda haka idan modem ya yi gudu a Windows ya yi sanyi a Linux, ko akasin haka, tambayar farko ba "wane tsari ya fi kyau" ba ce. Tambayar ita ce: da wane harshe yake magana a can, da wane kuma a nan?

Yadda ake faɗawa hannun direban da bai dace ba

Yawancin modem na USB idan aka fara soka su ba sa fitowa a matsayin modem. Suna fitowa ne kamar faifan CD mai ɗauke da manhajar kamfani. Sai an ɗora manhajar, ita kuma ta aika wa na'urar wani saƙo na musamman, sannan ta rikiɗe ta zama modem. A Linux wata manhaja mai suna usb_modeswitch ce ke aika wannan saƙon. A nan gizo ke saƙa, domin wasu modem ɗin suna da kama fiye da biyu, kuma saƙon da aka aika ne ke zaɓar wadda za su fito da ita. Wannan saƙon ya fito da kafofin PPP kaɗai, wancan ya fito da katin netwok. Na'ura ɗaya, fuska biyu.

Akwai wani tarko da ya daɗe yana kama masu Linux. Idan tsarin bai gane sabon modem ba, tsofaffin bayanai da ke yawo a intanet sukan ce a tilasta wa direban gama-gari na usbserial ya kama shi, a ba shi lambar kamfani da lambar na'ura. Zai kama kuwa, intanet zai haɗu. Amma wannan direban ba a yi shi don gudu ba, masu rubuta shi da kansu sun sa gargaɗi cewa na gwaji ne kawai. Direban da aka yi wa irin waɗannan modem shi ne wanda ake kira option, wanda ke tanadin manyan ma'ajiyai da yawa don kada bayanai su tsaya jiran layi. Mutum zai iya shekara yana fama da sanyin intanet saboda layi ɗaya da ya kwafa ya saka a wani fayil ya manta.

A Windows kuwa matsalar ta fi zuwa ta fuska biyu. Ko dai manhajar da ke cikin modem ta tsufa, an rubuta ta don Windows 7, ta ɗora tsohon direba a kan sabon tsari. Ko kuma sabuntawar Windows ta maye gurbin direban da ke aiki da wani daban. Wani lokacin ma ragowar manhajar wani tsohon modem da aka daina amfani da shi ce ke rige-rigen kama sabon.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba: manhajar kamfani ba haɗawa kaɗai take yi ba. Takan gaya wa modem ya fifita 4G, ta saka sunan mashigar intanet, wato APN, ta zaɓi irin adireshin da za a nema. Idan aka koma wata kwamfuta da ba ta da manhajar, modem na iya zama a kan 3G ko ya shiga ta wata mashiga daban. A ido sai a ce direba ne, alhali saiti ne.

Abin da ke kama da laifin direba amma ba shi ba ne

Kafin a taɓa komai, a kawar da waɗannan.

Na farko lissafi. Kamfanoni suna faɗin sauri da megabit, manhajar saukewa kuma takan nuna megabait, kuma bit 8 ne ke yin baiti ɗaya. Modem mai megabit 21, ko da komai ya daidaita, ba zai wuce kimanin megabait 2.6 a daƙiƙa ba. Wanda ya ga "2" a allonsa ya ɗauka an cuce shi, alhali yana dab da ƙololuwa.

Na biyu, adadin da aka rubuta a kwali iyaka ce, ba alkawari ba. Modem na 4G mai mataki na 4 iyakarsa megabit 150 wajen saukewa da 50 wajen ɗorawa, mai mataki na 6 kuma 300, saboda yana iya haɗa tashoshi biyu a lokaci guda. Don haka idan sabuwar waya ta fi tsohon modem gudu da layi ɗaya, ba lallai direba ba ne, ƙila ƙarfin na'urorin ne ba ɗaya ba.

Sai sigina da cunkoso. Sandunan da ke allo ba su da ma'auni ɗaya, kowace manhaja da yadda take zana su. Lambar da ta fi amfani a 4G ita ce RSRP: kusa da -80 yana da kyau, ƙasa da -110, kamar -120, ya yi rauni. Kuma turke ɗaya jama'a da yawa ke rabawa, shi ya sa gudun asuba ba ya zama ɗaya da na bayan magariba. Wasu tsare-tsaren data kuma suna rage sauri da gangan idan aka wuce wani adadi. Duk waɗannan ba ruwansu da kwamfutar da aka soka modem a ciki, wato za su bi shi duk inda ya je. Wannan ita ce alamar rarrabewa: matsalar da ke bin modem ta modem ce ko ta layi, wadda ke tsayawa a kwamfuta ɗaya ta wannan kwamfutar ce.

Yadda ake gwaji ba tare da ruɗa kai ba

Ƙa'ida ɗaya ce, kuma ita aka fi karyawa: a canza abu ɗaya kawai a kowane gwaji. Wanda ya sauya direba, ya sauya ramin USB, ya koma kusa da taga duk a lokaci ɗaya, ko saurin ya dawo bai san abin da ya gyara ba, gobe idan ta sake faruwa zai koma farko.

A auna sauri sau uku a jere da shafin gwaji ɗaya, a rubuta. A kai modem wata kwamfuta a wuri guda cikin 'yan mintoci, a sake aunawa. Wanda ba shi da kwamfuta ta biyu zai iya tashin tasa da Linux daga filashi ba tare da ya ɗora komai ba. Idan bambancin ya fito fili kuma ya maimaitu, sai a duba harshe.

A Windows a buɗe Device Manager, wato shafin da ke jera na'urorin da ke jikin kwamfuta. Idan na'urar ta fito a rukunin Modems kaɗai, kuma haɗawar tana nuna ana buga lamba, PPP ce. Idan ta fito a rukunin Network adapters, ana kan sabuwar hanya. Umarnin netsh mbn show interfaces zai nuna ko Windows tana kallonta a matsayin modem na salula na gaskiya. A shafin Driver ana ganin wanda ya rubuta direban da kwanan watansa, kuma a nan maɓallin Roll Back Driver yake, wanda ke mayar da na baya. Ga wanda matsalarsa ta fara bayan sabuntawa, wannan maɓallin shi ne abin fara gwadawa.

A Linux abin ya fi fitowa sarari. Idan sunan haɗin ppp0 ne, ba sai an yi dogon bincike ba. Idan ya fara da wwan, ana kan QMI ko MBIM ko danginsu. Umarnin lsusb -t yana nuna abu biyu masu daraja a layi ɗaya: sunan direban da ya kama kowace kafa, da saurin da USB ta amince da shi. Idan aka ga 480M, USB 2.0 ce, ta isa. Idan aka ga 12M, modem ya faɗa matakin USB 1.1, kuma ko turken a ƙofar ɗaki yake ba zai kai megabit 12 ba. Lalataccen kebul na ƙari ko tsohuwar mahaɗar USB na iya jawo haka. Manhajar ModemManager, ta umarnin mmcli, tana faɗin direbobin da ake amfani da su da irin netwok ɗin da modem ya hau.

Akwai modem da suka kauce wa duk wannan rigima. Suna yin haɗin da kansu kamar ƙaramar rauta, kwamfuta kuma ta gan su a matsayin katin netwok, a riƙa sarrafa su ta shafin burauza. Na Huawei masu tsarin HiLink haka suke, a adireshin 192.168.8.1. Samfurin E3372 ma iri biyu ne, akwai mai wannan tsarin, akwai wanda kwamfuta ce ke haɗa shi. Shi ya sa mutum biyu za su riƙe modem masu suna ɗaya da kama ɗaya, shawarar da ta yi wa wannan aiki ta ƙi yi wa wancan.

Ƙananan saituna masu babban tasiri

Idan harshen daidai ne amma har yanzu da saura, akwai wurare uku.

Wuta. Ramin USB 2.0 miliamfiya 500 aka tsara ya bayar, na 3.0 kuma 900. Modem yana ƙara jan wuta idan sigina ta yi rauni, domin sai ya ɗaga murya kafin turke ya ji shi. Idan wutar ba ta isa ba sai ya riƙa yankewa yana dawowa. Ƙari a kan haka, Windows da Linux duk suna da tsarin sa na'urar USB barci don tsimin batir, kuma ba kowane direba ne ya iya tashin modem daga barcin da kyau ba. A Device Manager, a shafin Power Management, ana iya cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe na'urar.

Girman ƙunshi, wanda ake kira MTU. Na kebul 1500 ne, amma netwok ɗin salula da yawa sun fi son ƙasa da haka. Direba mai kyau yana karɓar adadin daga netwok, wani kuma ya kafe a kan 1500. Alamarsa ta daban ce: ƙananan shafuka su buɗe, manya su maƙale, ɗora fayil ya tsaya a tsakiya. A Windows ana gwadawa da ping -f -l 1472 sai adireshi. Idan ya ƙi wucewa a riƙa ragewa har ya wuce, sannan a ƙara 28 a kan adadin, shi ne MTU ɗin da ya dace.

Sai tagar karɓa ta TCP, ƙa'idar da ke kula da isar bayanai a intanet. Tagar ita ce yawan bayanan da kwamfuta ke yarda a turo mata kafin ta ce "na karɓa". A tsohon tsari iyakarta baiti 65,535 ne. Idan zuwa da dawowar saƙo na ɗaukan milidaƙiƙa 100, wannan taga ba za ta ba da fiye da kimanin megabit 5.2 ba, komai ƙarfin modem. Tun daga Windows Vista tsarin yana faɗaɗa tagar da kansa, amma wasu manhajojin da ke da'awar ƙara saurin intanet suna kashe wannan. Umarnin netsh interface tcp show global zai nuna, kuma abin da ake so a gani a layin Auto-Tuning shi ne normal. Manhajar rigakafin ƙwayoyin kwamfuta da VPN su ma suna saka nasu matatun a kan hanyar bayanai, don haka a dakatar da su na ɗan lokaci a auna, a mayar nan take.

Na kamfani ko na tsarin kwamfuta?

Masu gyara sun rabu biyu a nan. Wasu sun ce direban kamfanin da ya ƙera modem ya fi, domin shi ya san sirrin na'urarsa, kuma manhajarsa ce ke ba da damar kulle modem a kan 4G, duba saƙonni da buga lambobin duba data. Wasu sun ce a bar wa tsarin kwamfuta, domin direbansa ana sabunta shi, na kamfani kuwa yakan tsaya a shekarar da aka daina sayar da samfurin.

Ni ina ganin shekarun modem ne ke raba gardama. Tsohon modem na 3G da aka yi kafin MBIM ba shi da zaɓi, direban kamfani yake buƙata a Windows, kuma idan iyakarsa megabit 7.2 ce, ko PPP ba za ta cuce shi sosai ba. Modem na 4G da ke jin MBIM kuwa, a Windows 10 ko 11, gara a cire tsohuwar manhajar kamfani gaba ɗaya, a sake tashin kwamfuta, a bar tsarin ya kama shi da nasa. Idan saurin ya ragu, komawa ba wuya.

Abin da ba na goyon baya ko kaɗan shi ne manhajojin da ke alkawarin sabunta duk direbobi da dannawa ɗaya, da sauke direba daga shafin da ba a san mai shi ba. Direba yana aiki ne a can cikin zuciyar tsarin, da iko a kan komai. Wanda ya ɗora gurɓatacce ya miƙa kalmomin sirrinsa da duk abin da ke bi ta intanet ɗinsa. A tsaya ga shafin wanda ya ƙera modem ko kwamfutar, ko sabuntawar tsarin kanta.

Haka nan sauya manhajar da ke cikin modem ɗin kansa, don mayar da shi daga wannan kama zuwa waccan. Ana yi, yana kuma yin aiki, amma fayil ɗin da bai dace da samfurin ba, ko ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki, na iya kashe na'urar ta yadda kwamfuta ba za ta ƙara ganinta ba. Wannan sai bayan an gwada duk na sama, kuma sai an buɗe murfin an karanta cikakkiyar lambar samfurin da ke jikin modem ɗin, har harafin ƙarshe, an tabbatar ta yi daidai da wadda ke jikin fayil ɗin.